Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sandan Ayilan, Justin Kelly

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi maka barka da ɗaukar wannan nauyi da aka ɗora maka tun watan Satumban 2025. Allah ya taya ka riƙo.

Ni baƙo ne da zama ya mayar ɗan gari. Shekarata 16 a yammacin Dublin, aikina kula da tsofaffi a wani gidan jinya, kuma yawanci da dare nake yi. A nan 'ya'yana suka tashi, a nan nake biyan haraji, a nan nake jefa ƙuri'a. Na rubuta da Hausa ne don 'yan'uwana mazauna ƙasar nan da na gida su ji abin da nake faɗa maka, in na kauce su gyara mini. Na san mai fassara ba zai yi wuya a ofishinka ba.

Abin da ya fara ɗaure mini kai da na sauka ƙasar nan shi ne ganin ɗan sanda yana tafe a titi ba bindiga. A inda na taso, ba a raba kaki da bindiga, tun daga shingen kan hanya har zuwa ƙofar banki, kuma yaro tun yana goye ake koya masa ya kauce in ya hango su. Sai ga shi a nan wata tsohuwa ta tare ɗan sanda tana tambayarsa inda za ta hau bas, ya sunkuyo yana nuna mata da yatsa, ita kuma tana riƙe da hannun rigarsa. Na daɗe a tsaye ina kallo. Daga baya na ji tarihin: a 1922 aka kafa rundunar, ƙasar na dab da faɗawa yaƙin basasa, makamai ko'ina a hannun jama'a, amma shugabanta na farko, Michael Staines, ya ce ba da ƙarfin makami ko yawan dakaru za ta ci nasara ba, sai da girman da jama'a za su ba ta a matsayin masu yi musu hidima. Sunan ma kansa, Garda Síochána, ma'anarsa masu gadin zaman lafiya. Wanda bai taɓa zama inda harsashi ke tashi a kan gardamar kuɗin mota ba, ba lallai ya san darajar wannan gado ba. Ni na sani, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Mutumin da aka tura cikin rigima ba bindiga, me aka bar masa? Ƙafafunsa, numfashinsa, bakinsa, 'yan kayan da ke ɗamararsa, sai kuma mutanen da ke tsaye suna kallo, waɗanda ko su taimake shi ko su taru a kansa. In aka yi sakaci da waɗannan, wata rana jama'a da kansu za su ce a ba kowane ɗan sanda bindiga a huta, kuma ranar da aka yi haka an yi asarar da ba ta dawowa.

Bari in fara da jiki, don a nan na fi damuwa.

Wata safiya na taso aiki, ina jiran bas, sai wani matashi ya fizge jakar wata mata ya ranta a na kare. Akwai 'yan sanda biyu a tsallaken titi. Ɗayan bai tsaya shawara ba, ya bi shi. Ta gabana ya wuce, har ina jin ƙarar kayan ƙugunsa: ankwa, kulki, gwangwanin feshin barkono, oba-oba tana rawa a kafaɗa, ga rigar kariyar wuƙa ta matse masa ƙirji. Ya cim masa wajen wata kwana, ya riƙe shi ta baya. Gudun ya burge ni, amma abin da ya biyo baya ya fi tsaya mini a rai. Yaron na zage-zage yana fizge-fizge, shi kuwa ɗan sandan yana da sauran numfashin da zai ce masa ya natsu, ya sake faɗa, ya kuma faɗa, da murya ƙasa-ƙasa, har abokin aikinsa ya iso. Bai zaro kulki ba. Na tabbata da a ce ya iso yana haki, idonsa ya rufe, ƙirjinsa na bugu, da labarin ya sha bamban. Wanda ƙarfinsa ya ƙare shi ke saurin kai hannu ga sanda, don ya san in aka ƙara minti ɗaya ana kokawa za a kayar da shi. Saboda haka ƙarfin jikin ɗan sanda kariya ce gare shi, kariya ce kuma ga wanda ya zo kamawa.

Na bi yadda aka yi ta faɗaɗa ƙofar shiga aikin. A 2001 aka soke sharaɗin tsawo, aka maye gurbinsa da gwajin ƙarfin jiki. A 2024 aka ɗaga iyakar shekarun shiga daga 35 zuwa 50, bayan kotun ma'aikata ta ce tsohuwar ƙa'idar wariya ce, aka kuma ɗaga shekarun ritaya daga 60 zuwa 62. Tun a farkon 2023 Jim O'Callaghan, lokacin yana ɗan majalisa bai zama Ministan Shari'a ba, ya ce gwajin ya yi tsauri yana korar masu nema. Sai ga shi a 2025 an sauƙaƙa shi, an cire motsa jikin nan na dafa ƙasa da hannu ana ɗaga ƙirji da na kwanciya rigingine ana tasowa zaune, aka bar gudun kai-da-kawo da ake yi ana bin ƙarar na'ura, da zagayen tsallake shingaye. Mutane sun yi ta surutu cewa an zubar da mizani. Ni ban ga laifin buɗe ƙofa ba. Mai shekara 42 da ya yi aikin jinya ko tuƙin bas, ya rarrashi mashayi, ya raba faɗan mata da miji, yana da abin da yaro ɗan 20 bai da shi, ko da yaron ya fi shi sauri. Tsawo kuwa bai taɓa kama ɓarawo ba.

Damuwata tana bayan ƙofar. Kurtu ya ci gwaji, ya gama horo a kwalejin 'yan sanda ta Templemore, an tabbatar da shi a aiki, shi ke nan. In ba ya shiga wata runduna ta musamman ba, zai iya shekara 30 a kaki ba wanda ya sake cewa zo mu ga ko har yanzu kana iya gudun mita 200 da kayanka a jiki. Ni da nake aikin ɗaga tsofaffi daga gado zuwa kujera, lokaci-lokaci sai an sake tara mu an duba yadda muke lanƙwasa gwiwa da yadda muke riƙe mara lafiya, wanda bai sabunta takardarsa ba ba ya taɓa kowa. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin cin fuska. To, in an ga dacewar haka ga mai ɗaga tsohuwa, ina ga wanda za a kira da ƙarfe uku na dare ya shiga tsakanin mai wuƙa da iyalinsa? Maƙwabtanku na Ingila da Wales tun 2014 suke gwada 'yan sandansu duk shekara, gwaji mai sauƙi na gudun kai-da-kawo, kuma duniya ba ta tashi ba.

Amma, ranka ya daɗe, kada a mayar da wannan bulala. Na san abin da aikin dare ke yi wa jiki, don a jikina nake gani. Barci ya rikice, abinci sai abin da aka samu a gidan mai da tsakar dare, ƙiba ta shigo ba sallama, baya ya fara ciwo. Ɗan sandan da ya yi awa 12 a zaune cikin mota ko gaban kwamfuta yana cike takardu, sa'an nan ya tuƙa awa guda zuwa gida saboda hayar Dublin ta fi ƙarfinsa, ba malalaci ba ne don bai je motsa jiki ba. Yanayin aikin ne ya cinye shi. In za a kawo gwajin shekara-shekara, a kawo shi da kayansa: awanni a cikin lokacin aiki da aka ware don motsa jiki kuma ake biya, ɗakin atisaye a manyan ofisoshi, likitan gaɓoɓi da mutum zai gani ba sai ya jira wata shida ba. Wanda ya faɗi a ba shi lokaci da mai horarwa ya sake gwadawa. Wanda rauni ko shekaru suka hana shi, akwai aikin bincike da na ofis da ke neman gogaggu, a kai shi can da mutuncinsa. Kuma in ana so ƙananan ma'aikata su karɓa da zuciya ɗaya, to manya su fara. Ranar da aka ga kwamishina da mataimakansa a layi da takalman gudu, gardama ta ragu da rabi. Ka fi ni sanin cewa zukata sun yi tsami a rundunar: a watan Satumban 2023 kusan kashi 99 cikin 100 na ƙananan 'yan sandan da suka kaɗa ƙuri'a sun ce ba su amince da wanda ka gada ba, a kan rikicin jadawalin aiki, kuma a shekarar fiye da 160 suka ajiye kaki da kansu. Mutanen da ke cikin wannan hali, in aka zo musu da sabuwar doka ba tare da an zauna da su ba, ko mai kyau ce za su ƙi ta.

Sai kayan aiki. Ba zan manta daren 23 ga Nuwamban 2023 ba. Da rana aka daɓa wa yara uku da mai kula da su wuƙa a ƙofar wata makaranta a Parnell Square, tsakiyar Dublin. Wani ɗan Brazil mai kai abinci a babur yana cikin waɗanda suka tare maharin, da hular kwanonsa ya buge shi. Kafin magariba zance ya cika intanet cewa baƙi ne suka jawo, gari ya kama da wuta. Ina wurin aiki wayata ba ta huta ba: wannan ya ce kada kowa ya bi ta O'Connell Street, wancan yana neman ƙanwarsa da ke aiki a wani kanti, matata ta kulle ƙofa ta kashe fitila. An ƙona bas-bas da jirgin ƙasan cikin gari na Luas da motocin 'yan sanda, an fasa kantuna. A hotunan da muka gani, ga 'yan sanda cikin rigar ruwan ɗorawa ta yau da kullum, kai ba hular kwano, hannu ba garkuwa, ana jifansu. Akwai wanda aka rutsa shi kaɗai a kusa da gada, taro ya kewaye shi. Mutanen nan sun tsaya tsakaninmu da masu neman irinmu a daren, kuma ba zan gushe ina gode musu ba. Amma jarumtarsu ba ta wanke waɗanda suka tura su haka ba. Bayan ƙura ta lafa sai da aka aro motocin feshin ruwa daga 'yan sandan Ayilan ta Arewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san an yi gyara tun daga lokacin: an ƙara masu horon kwantar da tarzoma, an raba feshin barkono mai ƙarfi, an sayi motocin ruwa. Kakin ma an sauya shi a 2022, an bar riga da lakatayi an koma wanda mutum zai iya gudu a ciki. Madalla. Sai dai har yanzu ana kukan cewa 'yan sanda da yawa da ke tuƙa motar sintiri ba su da horon da zai ba su izinin kunna jiniya su yi gudu zuwa inda aka kira su. Mota mai jiniya da direban da aka hana taɓa ta, wannan gyara ne da bai buƙatar sabuwar doka, malaman tuƙi kawai yake nema.

Kayan da na fi so in ga kowane ɗan sanda da shi, kafin kowane irin makami, ita ce kyamarar ƙirji. Ga dalilina.

Ranar 30 ga Disamban 2020, 'yan sanda masu ɗauke da makamai suka harbe George Nkencho a ƙofar gidansu a Clonee. Shekararsa 27, asalin iyayensa Najeriya, a nan ya girma, a nan ya buga ƙwallo. An ce ya kai wa wani ma'aikacin kanti hari a Hartstown, yana riƙe da wuƙa, an bi shi har gida, an gwada feshin barkono da bindigar lantarki ba su tsayar da shi ba. Iyalinsa, waɗanda suna cikin gidan lokacin, sun ce yana fama da ciwon ƙwaƙwalwa. Ba a daɗe ba aka cika intanet da ƙaryar cewa yana da tarin laifuka a kotu, alhali bai da ko ɗaya. Matasanmu sun yi kwanaki suna tsayuwa a gaban ofishin 'yan sanda na Blanchardstown cikin sanyin hunturu, wata biyu kacal bayan zanga-zangar EndSARS a gida, raunin bai ko fara warkewa ba. A 2024 ofishin mai gabatar da ƙara ya ce ba za a gurfanar da kowa ba. Ni ba alƙali ba ne, ba kuma na wurin. Abin da na sani shi ne babu ɗan sanda ko ɗaya a cikinsu da ke ɗauke da kyamara, don lokacin ba a ba su ba. Abin da jama'a suka gani ɗan guntun hoto ne da wani ya ɗauka daga nesa. Uwa ta rasa ɗa, ɗan sandan da ya yi harbin zai rayu da abin har ƙarshen ransa, unguwa ta rabu biyu, kowa da labarinsa. Da akwai kyamara, ba za ta dawo da George ba, amma da ta rage shekarun zargi da raɗe-raɗi, ko ta wanke wanda ya cancanci wankewa, ko ta nuna inda aka yi kuskure.

An yi dokar kyamarar a 2023, aka fara gwaji a ƙarshen Mayun 2024 a ofisoshin Store Street da Pearse Street da Kevin Street da ke Dublin, daga baya Limerick da Waterford. Gwaji ya isa haka. A kai ta Blanchardstown, a kai ta Balbriggan da Tallaght da Longford, a kai ta kowane ƙauye. Ita ce kuma za ta kare ɗan sandan da ake cusa wa waya a fuska ana zaginsa, a yanke daƙiƙa 10 a watsa, a ɓoye minti 10 da ya yi yana ba da haƙuri. Bindigar lantarki kuwa, in za a ba masu kaki, kada a ba wanda bai da kyamara, kuma a riƙa bayyana wa jama'a sau nawa aka yi amfani da ita, a kan wa. Haka nan shirin da aka fara a Limerick, inda ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ke fita tare da 'yan sanda, ina roƙon a faɗaɗa shi. A aikina na ga yadda mai ruɗewar hankali ke ƙara firgita in aka daka masa tsawa, na kuma ga yadda wanda ya san hannu ke saukar da shi da magana.

Masu cewa a ba kowa bindiga su tuna da ɗan sanda Colm Horkan, wanda aka kashe a Castlerea a watan Yunin 2020 da bindigarsa ta aiki bayan an ƙwace ta a kokawa. Su tuna kuma da ɗan sanda Kevin Flatley, da babur ya kaɗe a shingen duba gudu a arewacin Dublin a watan Mayun 2025, wanda babu makamin da zai cece shi. Allah ya ba iyalansu haƙuri.

Game da yadda jama'a ke kallonku, binciken da rundunarku ke yi yana nuna kusan tara cikin goma sun yarda da ku. Ƙasashe da yawa za su yi fatan rabin wannan. Amma yarda kamar ruwan randa ce, ana ɗiba ba a ƙarawa sai a wayi gari a ga ƙasa. An ɗiba da abin da aka yi wa Maurice McCabe, sajan ɗin da ya tona ɓarnar da ake yi a rundunar, don ya faɗi gaskiya. An ɗiba a 2017 da aka gano gwajin barasa na direbobi kusan miliyan 1.5 da aka rubuta ba a yi ba. An ɗiba a 2021 da ta bayyana an soke dubban kiran gaggawa na 999, ciki har da na matan da ake duka a gida. Kuma wancan tara cikin goma bai faɗi komai ba game da na goman: 'yan ƙabilar Traveller, tsirarun 'yan ƙasa masu al'adar ƙaura, da suka daɗe suna kuka, da samarinmu baƙaƙe da ke cewa an fi tare su a hanya. Hanyar raba gardama a nan mai sauƙi ce, a riƙa rubuta asalin duk wanda aka tsayar aka caje, a fitar da alƙaluman. In zargin ƙarya ne, lissafi zai nuna.

Yawancin mutane kuwa ba rahoto suke karantawa ba. Abin da suke tambaya shi ne yaushe rabon da su ga ɗan sanda a ƙafa a layinsu. An rufe ofisoshi 139 tsakanin 2012 da 2013, an yi shekaru ba a ɗauki kurata ba, kuma har yau rundunar tana wajen 14,000 alhali jama'a sun haura miliyan 5. Tsofaffin da nake kula da su suna kiran sunan sajan na ƙauyensu na shekara 50 da suka wuce, sun san kekensa, sun san 'ya'yansa. 'Ya'yana ba su san sunan ɗan sanda ko ɗaya ba.

Duk da haka, babbar 'yata, mai shekara 17, ta ce mini aikin take so. Tana buga ƙwallon Gaelic a ƙungiyar unguwa, gudu ba ya ba ta tsoro. Ita ta gaya mini cewa tun 2019 aka yarda mace ta sa hijabi da kaki, mabiyin addinin Sikh kuma ya naɗa rawaninsa. Mahaifiyarta ta ce sam. Ni na yi shiru, don ina tuna hoton mutumin nan da aka rutsa a bakin gada, ina kuma tuna wanda ya kama ɓarawon jaka bai ɗaga sanda ba. Ina so in iya ce wa uwarta za a ba yarinyar nan hular kwano kafin a tura ta, za a maƙala mata kyamara, kuma wanda zai tsaya kusa da ita an duba shi bana an ga zai iya kawo mata ɗauki.

Roƙona na ƙarshe ƙarami ne. Ka turo mana 'yan sandan unguwa wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ko wata Lahadi bayan coci, ba don an yi laifi ba. Su zo da na'urar gwajin gudun da abin auna fili, su zo da kayansu a jiki, su yi gudun tare da yaranmu, sa'an nan su zauna a sha shayi a yi musu tambayoyi, har da masu zafi. Akwai filin ajiye motoci a bayan inda muke salla, ya fi mita 20. 'Yata ta ce ita za ta fara shiga layi.

Na gode da sauraro. A huta lafiya.

Naka,
Wani ma'aikacin jinya, mazaunin yammacin Dublin